Amiga 1200: sautin hagu yana ɗaukewa a ProTracker

Salamu alaikum. Ina haɗa kiɗa da manhajar ProTracker a kan kwamfutar Amiga 1200, amma ɓangaren hagu ya ƙi. Layin sauti na 1 da na 4, wato na hagu, suna fitowa ƙasa-ƙasa da shuuu, na 2 da na 3 kuwa ras. Da kwamfutar ta ɗumama sai hagun ya ɗauke ɗungurungum.

Na canza wayar sauti ta RCA da lasifika, duk ɗaya. Mai gyara ya sauya kapasitocin allon cikin kwamfutar, tunda an san su da yoyo. Wutar -12V ma na auna, lafiya lau.

Paula, wato chip ɗin da ke samar da sauti, a like take da dalma, ba na son taɓa ta haka kawai. Ta yaya zan gane ko ita ce ta lalace ko LF347, chip ɗin da sautin ke bi ta cikinsa zuwa waje, kafin in cire komai?