Yaranku ma haka suke raba mutanen labari, nagari da mugu?

Malamar Lahadi, Garwa:
Salama 'yan'uwa. Ajina 'yan shekara 8 zuwa 11 ne, duk labarin da na ɗauko kafin in rufe baki sun riga sun yanke hukunci, wannan nagari wancan mugu. Makon jiya mun yi labarin ɗa ɓatacce a Luka 15 cikin Littafi Mai Tsarki, kowa ya ce ƙaramin ne lalatacce, babban kuma yaron kirki, sai na ce to waye ya ƙi shiga gida da aka yanka ɗan maraƙi? Tsit. Can wata yarinya ta ce "Malama ai haushi ya ji, ni ma haka nake ji in an saya wa ƙanwata takalmi ban da ni." Ku ya kuke yi a gida?

Wani uba, Marwa:
Sannu da ƙoƙari Malama. Ni da tatsuniya nake farawa, in an ɗauke wuta mu baza tabarma a tsakar gida. Yarana suna son Gizo kamar me saboda wayonsa, ban hana su dariya ba amma nakan tambaye su wa ya kwana da yunwa a dalilin wayon nan. Daga nan sai Farawa 27, Yakubu ya ɗaura fatar akuya a hannu ya ruɗi Ishaku da ba ya gani. Babban ɗana ya ce ashe Yakubu ma Gizo ne! Na ce ci gaba da karatu ka ga yadda Laban ya musanya masa amarya, da shekara 20 da ya yi yana masa kiwo.

Maman yara, Ngaundere:
Ni kam na tafka kuskure. Dawuda da majajjawa kawai nake nuna musu, sai 'yata ta kai 13 ta karanta 2 Sama'ila 11 da kanta ta zo rai a ɓace, wai don me na ɓoye mata abin da Dawuda ya yi wa Uriya, sojansa da ya sa aka kashe ya ɗauki matarsa. Bakina ya mutu. Muka zauna muka karanta sura 12 inda Natan ya kawo labarin 'yar tunkiyar talaka, sannan Zabura 51. Har yau ba ta gama hucewa da Dawuda ba, na ƙyale ta.

Ɗan'uwa, Njamena:
Nawa katun ɗin waya ne ya cinye su. Nakan tsayar in ce wannan me yake so, me yake tsoro, wani lokaci su amsa wani lokaci su ce Baba don Allah saki mana.

Malamar Lahadi, Garwa:
Baba na Marwa na gode, zan gwada Gizo ran Lahadi, sai dai rabin ajin Fulatanci suka fi ji, dole in nemi mai juya mini.