Wai Flutter wasan yara ce?

Oga Bala: Assalamu alaikum jama'a, ni yau raina a ɓace yake wallahi. Wata makarantar kuɗi a garinmu suka kira ni in yi musu manhajar da iyaye za su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu, na ce da Kotlin, yaren rubuta manhajar Android, zan yi, wata uku, na faɗi kuɗina, shiru shiru sai na ji wai sun ba wani da ya ce zai haɗa musu Android da iPhone a tashi ɗaya da Flutter, kayan aikin gina manhaja ɗaya da za ta yi a wayoyin biyu, a rabin kuɗin. An gama, an turo wa iyaye fayil ɗin ta WhatsApp, na sa a Itel ɗin madam mai RAM 2GB, wallahi kafin ta buɗe ka sha shayi ka wanke kofi. Kuma iyayen nan irin wayoyin da ke hannunsu kenan, wa ya ga iPhone? Na faɗa na ƙara, Flutter wasan yara ce

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Oga su wa ye yaran?

Mai Dart: Nima abin da zan tambaya kenan. Shekarata huɗu ina ci da iyalina da Flutter, 'ya'yana biyu, yau kuma na zama yaro

Oga Bala: Ban kira sunan kowa ba ƙanina

Mai Dart: Ba sai ka kira ba ai, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, to na amsa ni ne. Google ne suka yi Flutter kuma da ita suka sake gina Google Pay, su ma yaran ne ko?

Oga Bala: Google ɗin dai su suka ce tun 2019 Kotlin ce kan gaba wajen Android. Ka je ka tambaye su me ya sa ba su ce Dart, yaren da kuke rubuta Flutter da shi, ba

Ummu Hanan: Yaya Bala don Allah tambaya, fayil ɗin da aka turo na gwaji ne ko na fitarwa? Don a Flutter na debug, wato na gwaji, yana da nauyi sosai kuma yana jan ƙafa, na release, wato na fitarwa, ne ake juya shi gaba ɗaya zuwa yaren na'ura. Tunda ta WhatsApp aka raba ba ta Play Store ba, ina zargin na gwajin ya turo

Ɗan Zariya: In dai shekaru za a ƙirga, Kotlin 1.0 a 2016 ta fito, Flutter 1.0 a Disamban 2018, ko shekara uku babu a tsakani, wannan ai sa'anni ne a gidanmu. Ina girman yake?

Baba Java: Hahaha dukkanku yara ne. Mu da muka rubuta Android a Eclipse, tsohuwar manhajar rubuta code, tun kafin a san magajiyarta Android Studio, kwamfuta tana ihu NEPA na ɗauke wuta, ba mu ce komai ba sai ku

Mai Dart: Baba a bar mu da tarihi, tsufa ba iyawa ba ne

Baba Java: Kai, ni kake gaya wa haka? Wa ya nuna maka yadda ake tura aiki a Git, ma'ajiyar code, ranar da ka goge aikin mutane na sati biyu kana ta gumi?

Mai Dart: Haba Baba wannan ai tonon silili ne, kuma kwana uku ne ba sati biyu ba

Ɗan Zariya: Baba Allah ya huci zuciyarka, amma shi ma Oga ya janye kalmar nan. Kullum haka ake mana mu da muka koya a YouTube, da an ga ba ka da takardar jami'a shikenan kai yaro ne ko da furfura

Oga Bala: Wa ya kawo maganar digiri yanzu fisabilillahi?

Ɗan Zariya: Kai ka kawo ta watan jiya, ina da hoton maganar in kana so in turo

Sadiq JS: Ni dariya ma kuke ba ni. Da an yi da React Native, kishiyar Flutter da ake rubutawa da yaren JavaScript, duk ba a kai nan ba, Facebook suka fitar da ita tun 2015, kuma duk wanda ya iya JavaScript ya ci rabi, ba sai ka je koyon wani Dart da ba ya maka amfani a ko'ina ba in ka fita daga Flutter

Mai Dart: React Native ɗin da Airbnb suka ajiye a 2018 suka koma native, wato rubuta wa kowace irin waya da nata yaren?

Sadiq JS: Kullum Airbnb Airbnb, ba ku da wani misali ne? An sake mata gini tun bayan nan malam

Oga Bala: Yauwa, suka koma ina? Native. Na gode da ka faɗa da bakinka

Mai Dart: Ba kai nake tayawa ba Oga, kar ka ɗauka mun shirya

Ummu Hanan: Jama'a girman fayil ɗin nawa ne kawai? Ko hotunan ɗalibai ne yake saukowa da su manya manya ba tare da ya rage su ba, wannan ko da Kotlin aka yi sai wayar ta sandare

Baba Java: Ni dai a ba ni haƙuri kafin a ci gaba

Ɗan Zariya: Gaskiyar magana ciwon Oga rabin kuɗin nan ne ba Itel ɗin madam ba. An yi masa ƙafa a kasuwa shi ne ya zo nan yana huce haushi a kanmu

Oga Bala: Ka iya bakinka, kar ka sake sako iyalina a ciki

Ɗan Zariya: Kai ka fara sako ta Oga, koma sama ka karanta

Admin: To ya isa haka, saƙonni sun yi yawa mutane na ta ƙorafin data. Ga abin da aka tattauna a taƙaice ga waɗanda ba su bi ba. Oga Bala ya kawo koke kan wata manhaja mai nauyi da aka yi da Flutter, kuma 'yan Flutter ba su iya kare kansu ba sai faɗa da manya. Shi ma Kotlin ɗin an ga tsada da ɓata lokaci tunda iPhone yawanci sai an sake wani aikin daban da Swift, yaren rubuta manhajar iPhone. Kusan kowa ya gamsu cewa hanyar da Sadiq ya kawo ta React Native ita ce tsaka-tsaki. Mai Dart ka ba Baba haƙuri. Af, ajinmu na JavaScript zai fara ranar Asabar, saura gurbi kaɗan, a yi min magana ta gefe

Mai Dart: Kusan kowa? Kai da Sadiq ne kowan?

Sadiq JS: Adalci kenan Admin, Allah ya ƙara girma

Ummu Hanan: Yaya Bala, debug ne ko release?

Oga Bala: Ban duba ba, na riga na goge ta