Moto ya ƙi tashi tun ruwan Talata, buji ba wuta

Telan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan moto, don ni dabara ta ƙare min.

Moto ne 125 irin na China, shekara huɗu yana hannuna. Ni tela ne a unguwar Bagalam cikin Maraɗi, amma da damina ina da ƴar gona wajen Jiratawa, da shi nake zuwa. Ranar Talata bayan la'asar ruwa ya tare ni a hanyar dawowa, irin ruwan Agusta da ba ka ganin na gabanka. Na keta wani kwari da ruwan ya kusa kai min gwiwa, amma moton bai mutu ba, har gida ya kawo ni. Na jingine shi a zaure. Laraba da safe na yi ta taka kik har rigata ta jiƙe, ko tari bai yi ba.

Fitila tana kamawa, kilakson yana kuka, demare yana juya inji da ƙarfinsa. Mai akwai, ya kai lita 3. Na cire buji, wato fulogi, na tarar da shi baƙi kuma jiƙe da mai, na sayo sabo jika ɗaya. Shiru. Makanikin layinmu ya tafi Kano sayo kaya, yaronsa ne a garejin. Ya ce sede'i ne, ɗan akwatin da ke aika ma buji wuta, ya ƙone, na ba da jika uku da rabi aka sa sabo. Shiru. Yanzu ya ce bobin ɗin cikin inji ne, wato koyil, sai an buɗe murfi, kuma jika takwas. Kuɗin takin da na ajiye ma gero ne zan taɓa, shi ya sa na ce bari in tambaya tukuna.

Ɗan kabu-kabu na Zariya:

Wa alaikumus salam yayana. Ruwa ne a karburato, ka rubuta ka ajiye. Mu da muke kwana bisa titi kowace damina sai mun sha wannan. A ƙasan karburato akwai ɗan ƙusa na zubar da mai, ka kwance shi ka tara marfin gwangwani. In akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta ƙarƙashin man kamar ƙwayar idon kifi, don ruwa ya fi mai nauyi. Ka duba soson iska shi ma, in ya sha ruwa ka matse ka shanya. Kuma in man kwalba kake sha a bakin hanya, wani lokaci da ruwansa yake zuwa, ba sai an yi sama ba.

Amma tsaya. Kai da idonka ka ga buji ba ya ba da wuta, ko yaron ne ya faɗa maka? Ka sa bujin cikin hularsa, ka manna gindinsa jikin ƙarfen inji, a inuwa, wani ya taka maka kik. Ka ɗan nisanta shi da ramin bujin saboda turirin mai.

Telan Bagalam:

Na gode ƙanena. Na kwance ƙusan, man tas yake, ko ɗigon ruwa babu. Soso a bushe. Bujin kuma na gwada cikin zaure da ƙofa rufe, babban ɗana na taka kik. Ko ƙyas. Tsohon da sabon duka.

Tsohon makaniki, Tibiri:

Ɗana, sannu da wahala. Jikana ne ke rubuta min, idona bai ganin ƙananan baƙaƙen waya. Tun zamanin mobilet da motoci masu filatin, tsohon tsarin ba buji wuta, nake wanga aiki, kafin sede'i ya shigo ƙasar nan.

Riƙe jika takwas ɗinka tukuna. Yaron ba mugunta gare shi ba, haka sunka koya: a canza wannan, in bai yi ba a canza wancan, har aljihun mai moto ya huje. Kai da kake noma kusa da Jiratawa ka san ruwan lambu. In bai kai fangalinka ba, ba ka fara da sayen sabon injin ban ruwa, magudana kake bi ka ga inda ta toshe ko inda ta ɓalle. Wutar moto haka take. Bobin ɗin cikin inji shi ke haihuwarta, lokacin da bolan, faifan nan mai maganaɗisu, ke juyawa kewaye da shi. Ta tahi sede'i, shi ya tara ta. Akwai wani ɗan ƙaramin bobin gefen bolan, kaftar, aikinsa kawai ya ce ma sede'i "yanzu". Sede'i ya watsa ta ga bobin da ke ƙarƙashin tanki, shi ya ɗaga ta ta haura volt dubu goma, ta bi waya mai kauri, ta shiga hula, ta hito bakin buji.

Bujinka da ka tarar jiƙe ya riga ya gaya maka mai na isowa, wuta ce babu. Wannan ya kuɓutar da karburato.

Tambaya ta farko: motonka ya taɓa tashi da kik alhali batiri ya mutu murus? In ya taɓa, to wutar bujinsa daga inji take zuwa kai tsaye, batiri bai da hannu ciki. Kukan kilakson da hasken fitila ba su shaida komai ba. Kuma sede'i iri biyu ne, mai ci daga bobin inji da mai ci daga batiri. A ido kusan ɗaya suke, wani lokaci har bakinsu yana shiga soket ɗaya. In anka sa maka wanda ba naka ba, ko sabo fil ne bai ba da wuta, sai ka tara cuta biyu. Don haka ka maida tsohonka kafin komai. Ina fata yaron bai yar da shi ba.

Sannan ka faro daga ƙarshe. Murɗe hular buji ka cire ta daga waya mai kauri, da murɗawa take hita kamar ƙusa. Riƙe wayar da busasshen icce, ka kusantar da bakinta ga ƙarfen inji, tazarar ƙwayar wake. A taka. In ka ga wuta shuɗiya tana tsalle tana ƙara ɗas-ɗas, hular ce ta mutu, kuɗinta bai kai na buji biyu ba. In bakin wayar ya yi kore ko baƙi, yanke kamar faɗin yatsa ka maida. Ka duba kuma inda koriyar waya ke ɗaure jikin ƙarfe kusa da bobin tanki, mas ke nan. Tsatsa a nan kaɗai ta isa ta raunana wuta.

In har yanzu shiru, to ga wurin da nake zargi, tunda ruwa ne ya fara maganar. Mutane na zaton makulli ne ke ba moto irin naka wuta. A'a, kashe ta yake yi. Akwai waya baƙa mai zanen fari da ta taso daga sede'i ta tahi makulli. In ka kashe makulli, sai ya haɗa wagga waya da mas, wutar ta zube cikin ƙarfe, inji ya mutu. In ka kunna, sakinta kawai yake. To duk abin da ya haɗa ta da ƙarfe, ruwa ne cikin makulli, tsatsa ce, ko gogewar fata a wuyan moto inda kai ke juyawa, daidai yake da an kashe makulli, ko da kana ganin fitilarka na ci.

Gwajin ba ya cin ko dala. A soket ɗin sede'i ka nemo baƙa mai fari, ka danne ɗan harshenta da allura ka zaro ta ita kaɗai. Kai tela ne, allura ba ta yi maka wuya. Maida soket, a taka kik. In wuta ta dawo, sede'i lahiya, bobin lahiya, ɓarawon na kan wagga waya. Ka sani dai in ya tashi a haka makulli bai kashe shi. Sa giya, taka birki, saki kuloci, ya mutu.

Yawancin motocin China launin wayoyin Honda sunka bi, amma ka duba naka da kyau, don akwai waɗanda wani ya riga ya yi ma ɗinkin wayoyi.

Mai gyaran sola, Ali Ɗan Sofo:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Zan ƙara kaɗan ga mai mita ta auna wuta, don in gwajin waya bai nuna komai ba kada a buɗe inji da ka. Ni a Katsina na koyi aiki, can fulogi da koyil suke cewa, amma kayan ɗaya ne.

Hular buji yawanci tana nuna om 5,000 ko kusa da haka (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta). In mita bai nuna komai ba, ta yanke a ciki. Bobin tanki, ɓangaren ƙananan wayoyi, om ɗaya ne ko ƙasa da haka, ɓangaren waya mai kauri kuma dubbai ne. Kaftar, wato shuɗiya mai fari, tsakaninta da mas za ka ga wajen om 100 zuwa 200. Baƙa mai ja, wadda ta taso daga bobin inji, ɗaruruwa ce, kuma in ka juya mita zuwa AC aka taka kik da ƙarfi ya kamata ta ba da volt gommai, 50 ko fiye. Alƙaluman suna ɗan bambanta daga inji zuwa inji, abin da kake nema shi ne wanda ya nuna sifili ko ya ƙi nuna komai. Duk wannan daga soket ake aunawa, ba a kwance ƙusa ko ɗaya a murfin inji.

Ita ma baƙa mai farin ana auna ta: makulli a kunne, bai kamata ta haɗu da mas ba sam.

Ga masu sede'i na batiri kuma lissafin ya juya. Su sai an fara da fis da batiri. Cikakken batiri yana nuna volt 12.6, in inji na aiki ya hau 13.5 zuwa 14.5. Bakin buji a irin waɗannan injuna milimita 0.6 zuwa 0.7 ne, sabo ma ana dubawa, don yana faɗuwa a shago bakin ya matse.

Malam tela, wata tambaya: an taɓa ƙara ma moton wani abu? Cajar waya, fitilar ado, rediyo?

Tsohon makaniki, Tibiri:

Mita abu ne mai kyau, yaro, ban musa ba. Mu da ba mu da ita da yatsa munka koya, kuma bobin ya koya muna ladabi. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta hi duk lissahin.

Telan Bagalam:

Alhamdu lillahi, jama'a, moto ya tashi.

Baba, na bi maganarka ɗaya bayan ɗaya. Eh, bara ya yi wata biyu ba batiri ina tada shi da kik. Na karɓo tsohon sede'i wajen yaron, yana cikin gwangwanin ƙusoshi, na maida. Na cire hula na gwada waya, shiru. Na zaro baƙa mai fari da allurar keke, ɗana ya taka sau ɗaya, wuta ta yi tsalle har ya saki kik ya ja baya. Na maida buji, taka biyu ya kama.

Sai na buɗe makulli ina neman ruwa, na tarar da shi a bushe. Na bi wayar da hannu daga sede'i, a ƙarƙashin kujera na ga an yanke ta an ɗaura mata wata da salatif. Na bi waccan, ta kai ni ga wani ɗan baƙin akwati da aka cusa bayan batiri. Wallahi na manta da shi. Alam ne na ɓarayi, na sa aka ɗaura min shekarar da na sayi moton, lokacin da aka sace na maƙwabcina a bakin babbar kasuwa. Rimot ɗin ya ɓace tun yaye ƙaramar ɗiyata, ƙahonsa ma ya daina kuka, na ɗauka ya mutu ne gaba ɗaya. Da na girgiza akwatin ruwa ya zubo, ja kamar na gulbi. Na yanke wayarsa, na maida baƙa mai fari cikin soket, yanzu makulli na kunnawa yana kashewa yadda ya saba.

Mai sola, da ka yi tambayar nan na ce a raina ba a ƙara komai ba. Ka yi haƙuri.

Mai gyaran sola, Ali Ɗan Sofo:

Madalla. Irin wannan alam ɗin da wayar kashewa yake hana tashi, ruwa ya haɗa masa ita da mas daga ciki. Amma kada ka tsaya a waya ɗaya. Yana da jar waya da ke shan batiri dare da rana, da wasu da suka tafi sigina. Cire shi duka, kowace mahaɗa a murɗe ta da kyau a yi mata dalma, sannan a naɗe. Salatif kaɗai zafin Afrilu yana sakinsa.

Ɗan kabu-kabu na Zariya:

To ai ruwa ne dai yayana, wuri kawai na kuskure. Sabon sede'in fa, na sayarwa ne?

Telan Bagalam:

Na kai ma mai shagon, ya ce kayan wuta in sun fita ba su dawowa. Na gwada shi bayan gyara, bai ba da wuta a nawa ba, da alama na batiri ne kamar yadda Baba ya ce. In naka irin wannan ne ka biyo ta Bagalam bayan sallar Juma'a, jika biyu. Baba, gobe zan shiga Tibiri kai ɗinki, ka sa jikanka ya auno min tsawon rigarka da faɗin kafaɗa.