Ɗaurin notin taya a motocin gudu: me kuke gani a wajen aikinku?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Assalamu alaikum. Har yau ana kawo mana BMW da Mercedes da aka ɗaure wa taya da wil-sifana da dogon faif, yaro ya hau ya taka da ƙafa. Abin na damuna, domin mota mai gudu ba ta yafe wannan. Motocin Jamus ba kamar Toyota ba ne da zaren ke kafe a jikin hab, wato ƙarfen da taya ke zama a kansa, a ɗora masa noti. Nasu notin ne mai dogon zare, shi ke shiga cikin hab ɗin. Idan ya yi tauri fiye da kima sai ya miƙe, ƙarfinsa ya tafi, ko zaren hab ya mutu. Kowa ya kawo abin da ya sani.

Bakaniken motocin Jamus, Ƙofar Guga:
Wa'alaikumus salam, Malam. Sifanar awo ce maganin, wadda ke yin "ƙas" idan an kai adadi. Tsofaffin BMW masu noti M12, wato mai kaurin milimita 12, suna ɗaukar 120 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), na baya-bayan nan masu M14 kuma 140 Nm. Corolla 103 Nm ce. Littafin motar shi ne alƙali. A fara sa kowane noti da hannu, ya yi zagaye uku ko huɗu babu tirjiya. In ya cije tun farko, ya hau zare a karkace, a fito da shi. Sai a ɗan matse su mota tana kan jak, a sauke har taya ta taɓa ƙasa, sannan a kai su adadi. Ba a bin su a jere: ka ɗaure ɗaya, ka tsallaka zuwa na gabansa ta ƙetare, kamar zanen tauraro, don rim ya zauna daidai. Da ta yi ƙas ka tsaya. Ƙas na biyu ƙari ne.

Mai faci, hanyar Mashi:
Maigida, ka manta giris. Masu mota da kansu ke cewa a shafa baƙin mai don kwancewa ta yi sauƙi. Adadin nan na busasshen zare ne. Da mai, sifana za ta nuna 120 alhali notin ya ja fiye da haka nesa. Burushin waya kawai, a goge zare da fuskar hab. Ƙurar hunturu da tsatsar damina idan suka maƙale tsakanin rim da hab, suna murƙushewa a hanya, noti ya saki da kansa.

Mai sayar da rim, Daura:
Alhaji, akwai wuyan notin ma. Na BMW a zube yake kamar mazurari, na Mercedes da Audi kuwa a dunƙule kamar ƙwallo. In aka musanya, noti ya taɓa rim a siririn layi kawai, ya ci ramin, sitiyari ya fara rawa. Tsawo ma haka. M12 ya shiga aƙalla zagaye shida da rabi. Wanda ya yi tsawo da yawa a tayar baya yana iya taɓo kayan birkin hannu da ke cikin faifan birki.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya saka da alheri. Ƙari biyu: kada a auna lokacin da birki ke da zafi, a bari ya huce. Kuma a sake bi da sifanar awo bayan kilomita 50 zuwa 100, musamman a sabon rim. Wanda aka sa wa taya a Katsina, in ya isa Daura ya tsaya a duba masa duka huɗun kafin ya juyo.