ID.2all ta Volkswagen: anya za ta iya gadon Golf 3 a wajenmu?

Mai Jar Golf (Kaduna):

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota mota. Tun watan Maris na 2023, da Volkswagen ta nuna wata ƙaramar motar lantarki a Hambug, wadda ta raɗa wa suna ID.2all, motar nan ta tsaya mini a rai. Ba ta kasuwa ba ce suka nuna, samfuri ne na gwajin ido, a lokacin sun ce ta sayarwa sai 2025.

Ba fentin ne ya ja ni ba, awon ne. Tsawonta mita 4.05. Na tashi na zaro littafin Golf 3 ɗina, ƙirar 1996, wadda na saya a hannun kawuna shekara goma sha ɗaya da suka wuce, sai na ga mita 4.02. Faɗin yatsa biyu ne tsakaninsu. Golf 8 kuwa ta kai 4.28, ta yi ƙiba irin ta wanda ya samu kwangila. Kamar dai Jamusawan sun zaga sun zaga, sun dawo kan girman da muka saba da shi. Amma but ɗin ID.2all lita 490 ne, nawa 330, kuma nawa ma yana cin buhun masara biyu da jarka idan na dawo daga gida. Sun kuma dawo da faffaɗan ginshiƙin nan na baya, na bayan ƙofa, wanda Golf ta zo da shi tun 1974. Ƙarfin doki 226, caji ɗaya kilomita 450, kuɗi ƙasa da Yuro 25,000.

Na san babu wanda zai sayo ta sabuwa a cikinmu. Mu sai mota ta yi shekara goma sha biyar ko ashirin a Turai take sauka Kwatano ta zama Beljiyam. To tambayata ke nan: in ta iso mana wajajen 2040, za ta yi aikin da Golf 3 take yi a tashar Kawo da Unguwa Uku, ko dai kwalliya ce ba za ta biya kuɗin sabulu ba?

Tsohon Bakanike (Kano):

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka yi awo da kyau, amma ba tsawo ne ya raya Golf 3 ba. Abin da ya raya ta shi ne in injinta ya buga da safe a Kwanar Ɗangora, kafin la'asar an kawo wani daga Ƙofar Ruwa, gobe tana kan hanya da mutum shida da kaya har saman gilas. Yaron da ya yi shekara biyu a gareji ya san cikinta kamar yunwar cikinsa.

Ita wannan ranta batir ne, kuma a shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota, daidai wurin da ramukan titunanmu suke duka. Garantin da kamfanin yake bayarwa kan batiran motocinsa na lantarki shekara 8 ne ko kilomita 160,000. Kai kana maganar shekara goma sha biyar. Ka ɗora zafin watan Afrilu a kai, ka ga yadda wayarka ma take yi in ka bar ta a kan dashbod. Golf mai gajiyayyen inji tana tafiya da hayaƙi da tari, amma tana tafiya. Mai gajiyayyen batir kuwa zangonta ne yake raguwa, kuma ba a zuba mata galan a bakin hanya.

Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba ta yi mini daɗi ba: babu fulogi, babu kuloci, babu salansa, babu juyen baƙin mai. Rabin abincina ke nan. Masu rewaya ne za su ci kasuwar, shi ya sa na tura ƙaramin ɗana wajensu.

Baƙon Hambug:

Baba ya yi magana. Ni a garin da aka nuna ta nake zaune, bari in gaya muku abin da ya fi tashi a bakin masu son mota a nan, za ku yi dariya: madannai. Ba doki 226 ba, madannai. A Golf 8 da ID.3, motarsu ta lantarki, an mayar da kusan komai shafe-shafen gilashi, har wurin ƙara sanyi da ƙara murya ya zama wani ɗan layi da ake goga wa yatsa, ba shi ma da fitila da dare. Jaridun mota suka yi ta caccaka, har shugaban Volkswagen, Thomas Schäfer, ya fito a 2022 ya ce za a dawo da madannan gaske a sitiyari. To a wannan samfurin sai ga su, da abin murza murya da ake juyawa da yatsa kamar na rediyon da. Mai zanen, Andreas Mindt, daga Bentley aka dawo da shi a farkon 2023. Har agogon gudu ana iya sauya masa fuska ya koma irin na Beetle ko na Golf ta farko, wannan ya kashe tsofaffi da daɗi.

Sai dai, Malam, kada ka haɗa lambobin nan biyu a mota ɗaya. Mai Yuro 25,000 ƙaramin batir za ta zo da shi, kilomita 450 kuwa ta babban batir ce, kuma a WLTP, gwajin da Turai ke auna zangon mota da shi, ba da iyali da na'urar sanyi a kunne ba. Sannan mu tuna da Honda. A 2017 ta nuna samfurin Urban EV a Furankfot, kowa ya ce ina ma. Da ta fito a 2020 da sunan Honda e, kuɗinta ya haura Yuro 30,000, zangonta wajen kilomita 220. Masu tafin suka watse. Tafi a zauren baje koli kyauta ne.

Ɗan GTI:

Yayyena ku yi haƙuri, ni fa motar da ba giya ba ƙara, firji ce mai taya. Kun ga wadda suka nuna a Munik a Satumban 2023, ID. GTI? Jikin ID.2all ɗin ne aka sa wa jan layi irin na GTI, Golf ta masu son gudu. Harafin I da asalinsa na allurar fetur ne, wai yanzu na basira ne. Kuma za ta riƙa kwaikwayon kukan tsohuwar GTI ta lasifika! GTI ta 1976 doki 110 ce kacal, amma nauyinta kilo 810, shi ne sirrinta. Batir ba zai bari a ga wannan nauyin ba.

Mai Jar Golf (Kaduna):

Ƙanena, tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, kukan inji ya daina yi mini daɗi, kuɗina nake ji suna ƙonewa. Firjin ma ina so in zai kai ni aiki.

Amma na zauna na yi lissafi bayan maganar Baba da ta mutumin Hambug. Kaduna zuwa Kano wajen kilomita 230 ne, zuwa da dawowa 460. Ko tana sabuwa fil da babban batir ba za ta dawo da ni gida ba sai na tsaya caji, balle ta sha shekara goma sha biyar a hannun wani Bajamushe. Sun ce minti 20 ya isa ta tashi daga kashi 10 zuwa 80, amma a irin tashar cajinsu, ba a soket ɗin ɗakina da wuta take zuwa ƙarfe biyun dare ba. Don haka gadon tasha na cire mata shi. Gadon cikin gari kuwa, Barnawa zuwa Kawo, kai yara makaranta, ga mai sola a rufin gida, har yanzu ban cire rai ba.

Baba, tunda rabin abincinka bai tafi ba tukuna: kulocin jar tawa ya fara kamawa can sama, kuma tana ɗan ƙauri in na hau gadar Kawo da kaya. Faranti ne kawai, ko sai an sauya gaba ɗaya? Ranar Asabar ina shigowa Kano.