Shekara 30 da zinaren Atlanta: gasar yara ce ko ta manya?

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, 3 ga Agustan 2026 zinaren ƙwallon ƙafa da Najeriya ta ci a gasar Olamfik ta Atlanta ke cika shekara 30. Ni dai na faɗa, kuma ina nan a kan bakana: tun da aka fara taka leda a Afirka, babu abin da ya kai wanda Najeriya ta yi a 1996. Wanda bai yarda ba ya fito.

Auta: Na fito, Kawu. Da girmanka, amma ai gasar 'yan ƙasa da shekara 23 ce. Moroko ta je wasan kusa da na ƙarshe a Gasar Cin Kofin Duniya ta 2022, ta fitar da Sifaniya, ta fitar da Fotugal. Ina Atlanta ina wannan?

Ɗan Tudun Wada: Moroko ta dawo da kofi? A'a. Mu zinare muka rataya a wuya. Kuma kai da ba a haife ka ba a lokacin, wa ya ce maka yara ne? Brazil ta zo da Bebeto da Aldair, waɗanda suka ɗaga Kofin Duniya a 1994, ga Rivaldo, ga Roberto Carlos, ga Ronaldo. Ajantina kuwa Crespo ne da Ortega da Zanetti da Simeone. Waɗannan ne yaran?

Malam Na Sabon Gari: Daren wasan kusa da na ƙarshe da Brazil ɗin nan ba zan manta da shi ba. An ɗauke wuta, muka taru ƙofar gidan wani maƙwabci, talabijin ɗinsa a jone da batirin mota. Brazil na gaba da ci 3 da 1, Okocha ya buga fenariti golansu Dida ya tare. Nan dattawa suka fara naɗe tabarmi, mai gidan ma ya ce batirinsa ba na asara ba ne, zai cire. Da ƙyar muka roƙe shi. Sai Ikpeba ya ci a minti na 78. Ana dab da tashi Okocha ya yi doguwar jifa, ƙwallo ta zo gaban Kanu, ya ɗaga ta, ya juya, sai raga. Minti huɗu da shiga ƙarin lokaci ya ƙara, wasa ya ƙare nan take, don lokacin dokar ƙwallon zinare ce. Waɗanda suka tafi barci da takalmi ɗaya suka dawo.

Auta: Allah ya ƙara lafiya Malam, labarin ya yi daɗi, amma daɗin labari ba hujja ba ne. Ko a Najeriyar ma, ni a ganina tawagar 1994 ta fi. Ta ci Kofin Afirka a Tunisiya, ta doke Zambiya 2 da 1, FIFA ta sa ta ta biyar a duniya, ta zuba wa Bulgeriya 3 a Kofin Duniya a Amurka. Ba don Baggio na Italiya da ya fitar da mu ba...

Ɗan Tudun Wada: "Ba don" ba ta shiga kabad ɗin kofi.

Yaya Babba: Ku biyun kuna jayayya kamar tawaga biyu ce daban. Okocha, Amokachi, Amuneke, Oliseh, Uche Okechukwu, duk suna nan a 1994, suna nan a 1996. Koci Westerhof ya gina, mataimakinsa Bonfrere ya ɗora rufi. Abin da ke ci mini rai shi ne tsakiyar: gwamnatin Abacha ta hana su zuwa kare kofinsu a Afirka ta Kudu a farkon 1996, bayan takun saƙa da Mandela kan rataye su Ken Saro-Wiwa. Hukumar ƙwallon Afirka kuma ta dakatar da mu daga gasar 1998. Gasa biyu suka wuce 'yan wasan suna kan ganiyarsu. Shi ya sa ake riƙe da Atlanta haka ƙam, ita kaɗai ta rage a hannu.

Ɗan Tudun Wada: Yaya, wannan kam gaskiya ce mai ɗaci. Amma a ƙara da cewa ƙwallaye biyu cikin ukun da aka ci Ajantina a wasan ƙarshe na 'yan Kaduna ne, Babayaro da Amokachi. Ga Tijani Babangida da Garba Lawal a tawagar.

Auta: Yawwa, yanzu muka ji inda gizo ke saƙa. Ashe son gida ne. Kuma ta ukun, ta Amuneke, har gobe 'yan Ajantina na cewa satar gida ce.

Malam Na Sabon Gari: Su ne suka ɗana tarkon satar gida, suka fito a guje, ɗaya ya makara. Alƙalin wasan kuma Collina ne, je ka yi masa gardama.

Hajiya Mai Atamfa: Ina ta karanta ku tun ɗazu. Kwana ɗaya kafin wasan ƙarshen nan Chioma Ajunwa ta yi tsallen mita 7.12, ita ta fara kawo wa Najeriya zinaren Olamfik, ita kaɗai ba tawaga. Ban ga wanda ya ambace ta ba.

Ɗan Tudun Wada: Tuba nake, Hajiya. Amma maganar ƙwallo muke.

Auta: Kuma Kamaru ta maimaita zinaren a Sidni a 2000. In shi ne ma'auni, kun yi kunnen doki ke nan.

Ɗan Tudun Wada: Na fari shi ne na fari. An kira sallah, in na dawo zan ji da kai.