A-kori-kura tana ɗauke wuta, tana mutuwa ana cikin tafiya

Direban Hatsi:
Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai shan fetur, ƙirar 2009, wadda nake ɗaukar hatsi da ita daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau. Tun farkon damina take mutuwa ana cikin tafiya, musamman idan na shiga gargada da kaya, kuma a lokacin komai yakan ɗauke, har da fitilun dashbod da rediyo. Wani lokaci wutar takan dawo nan take, wani lokaci kuma sai na tsaya na jira. An canja batir da famfon mai, amma matsalar tana nan. Me ya kamata a duba?

Tsohon Rewaya:
Wa alaikumus salam, Malam. Da famfon mai ne ya gaza, injin kaɗai zai mutu, fitilun gargaɗi na dashbod kuma su kama. Tunda har su ma suna ɗaukewa, babbar hanyar wuta ce take yankewa, kuma gargada ta nuna cewa wani haɗi ne ya saki. Ka fara da kawunan batir: idan ka iya juya su da hannu, ko ka ga farin gari ya taru a kansu, a kankare su a ɗaure sosai. Daga nan a bi baƙar wayar da ta tashi daga batir zuwa jikin mota da injin, domin tsatsa takan ci ƙarƙashin notin, wayar kuma takan ruɓe a cikin robarta alhali daga waje lafiya ƙalau take. Da mitar auna wuta ake kama wannan. Batir mai cikakken caji yakan nuna kusan volt 12.6, idan injin yana aiki kuma ya kai wajen 14. A sa tsinken mita ɗaya a kan batir na negatif, ɗaya a jikin injin, a tayar da mota. Idan abin da mita ta nuna ya wuce rabin volt, wayar ba ta da kyau. Sannan a bar injin yana aiki, a riƙa girgiza wayoyin da akwatin fis ɗaya bayan ɗaya har a ga inda zai yi tuntuɓe.

Injiniya Mai Gareji:
Na yarda da bayanin Baba, sai dai kada a manta da mazaunin makulli, wanda yakan cinye daga ciki, musamman ga masu rataya tarin makullai. Akwai hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Agogon mota yana samun wuta kai tsaye daga batir, saboda haka idan ya koma farko bayan ta mutu, laifin yana tsakanin batir da babban fis. Idan lokacinsa bai canja ba, a zargi makulli ko rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe wa wuta hanya ya kuma rufe ta. Kuma ina roƙonka kada ka yarda a cire kan batir injin yana aiki da sunan gwada altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, domin hakan yana iya ƙona ƙwaƙwalwar motar.

Direban Hatsi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lallai agogon yakan koma farko, tashoshin rediyo ma sukan goge. Gobe da safe zan kai ta a auna baƙar wayar da babban fis kafin na sake sayen wani abu.